Aníbal Ya Rage wa Mota Nauyi

"Ni ba gyaran mota nake yi ba, tarbiyya nake ba ta. Ko amalanken shanu aka kawo mini, in na ɗora masa hannu sai ya wuce jirgin ƙasa."

Aníbal Scaglia ke nan, bakaniken garinmu, yana tsaye bakin garejinsa da ƙoƙon mate a hannu, shayin ganyen da muke sha a nan, tumbinsa ya riga shi fitowa titi. Ka dai san irinsu. Zai kwance maka inji ya ɗaura, kusoshi su ragu cike da kwano, ya ce ai kamfani ne ya yi almubazzaranci. Abin da ke ciyar da shi a gaskiya janwe ce, motar jan motoci, ita kaɗai a garin. Motar da ya gyara da safe, shi ne zai jawo ta da yamma, ya ci riba biyu.

Idonsa ya daɗe a kan motar marigayi Fermín, wata 'yar ja mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar kwanon wanki, da ke lulluɓe a rumfar matarsa Doña Herminia tun rasuwarsa. Herminia kuwa ba a cin ta a ciniki. Ita ce ke sa mahauci ya cire ƙashi kafin ya auna, sannan ta karɓi ƙashin kyauta.

Aníbal ya same ta tana ba kaji dawa, ya cire hula.

"Doña, zama ne ke kashe motar nan. Ki ba ni in kai ta filin tsere ranar bikin gari, sunan marigayi ya sake tashi."

"Sunan marigayi na nan lafiya a kan kabarinsa. Kai me za ka ajiye?"

"Maganata."

"Wannan ko kajina ba sa ci." Ta kakkaɓe hannu. "Ga nawa sharaɗin. In ta fita ta dawo rumfar nan da ƙafarta, ta zama taka. In jawo ta aka yi, janwe ta zama tawa."

"Me za ki yi da janwe, Doña? Kin iya tuƙi ne?"

"Wa kake zato ya koya wa Fermín ribas?"

Aníbal ya yi dariya har tumbi na rawa, ya miƙa hannu. Aka kira Tulio mahauci da Fada Ramiro, limamin coci, suka shaida.

To shi Aníbal karatunsa na tsere layi ɗaya ne: duk abin da ba ya aiki a jikin mota nauyi ne, a sauke shi. Ya aro sikelin Tulio ya rataye a gareji. Ya cire kujerar gefe ya auna, ya cire safaya ya auna. Kafet, rediyo, gilashin taga, salansa, hon, duk suka bi. Agogon zafi ma ya tumɓuke shi, wai bai taɓa kawo labari mai daɗi ba. Da abin cirewa ya ƙare sai ya ɗauki mahuji ya bi bonet da huji, har ta koma kamar rariyar taliya. Ya shirya bututan ƙarfe a ciki don tsaro, ya cire mariƙan ƙofofi, ya liƙe ƙofofin da walda, ya ce direban gaske ta taga yake shiga. Ya cire kik mai tayar da inji.

"In ta mutu fa?" in ji Tulio, wanda ya zo duba ko sikelinsa na da rai.

"Mutum mai jama'a irina me zai yi da kik? A tura."

Sai ya kwanto fanka daga bayan lagireto.

"Kai Gordo, ba wannan ce ke sanyaya ruwa ba?" in ji Tulio. Gordo, wato mai ƙiba, shi ne laƙabin Aníbal.

"Fanka ta masu tsayawa ce, Tulio. A gudun da zan yi, iska da kanta za ta shigo tana ba ni haƙuri. Kai tsaya a kan haƙarƙari, ka bar mini ƙarfe."

Tulio ya saɓa fankar ya tafi da ita shagonsa da ke bakin dandali, ya jona mata batir tana korar masa ƙuda.

Mu kuma a nan, in gari ya sami direba, duk Juma'a sai an yi masa gashin nama a kulob. Kowa ya kawo abin da ya samu, direba ya zauna kan tebur, kuma ba a mayar da farantin mutum, rashin kunya ne. Mai burodi ya miƙo, mai kantin magani ya miƙo, matan coci su miƙo. Aníbal mutum ne mai kunya ƙwarai a wannan fanni. Abin da ya sauke wa mota a mako, sai ya ɗora wa kansa ranar Juma'a har da gyara.

Ranar biki ta zo, tsakiyar Janairu, ganiyar zafi a nan wajenmu, kwalta har laushi take yi. Rigar tsere ta ƙi rufuwa, aka bar ta buɗe. Taga ma ta ƙi. Sai da ƙarti suka ɗaga shi suka cusa shi ciki, yadda Tulio ke ɗura nama a hanji. Aka tura mota ta tashi da ƙarar da ta kori tattabarun coci. Aníbal ya murza sitiyari zai kama hanyar fili, sai ya ga motar 'yan kwana-kwana ta gindaya a gabansa, an yi mata ado da tutoci.

Nan ya tuna abin da kowane ɗan garin nan ya sani tun yana goye. Motarmu ba ta zuwa tsere sai an yi mata rakiya: 'yan kwana-kwana a gaba, masu ganga da ƙaho a bayansu, a zagaya dandali a sake zagayawa, a tsaya ƙofar coci a sa albarka. Kuma da tafiyar mai ganga ake yi, mai gangarmu kuwa yana fama da ciwon gwiwa.

Suka fara rarrafe. Tsofaffin mata masu sanda suna wuce motar tsere suna yi mata fatan alheri. Tunda babu agogo babu kafet, tafin ƙafar Aníbal ne ya fara kawo masa labari. Ya lalubi hon, babu. Ya yi ihu a ba shi hanya, ƙarar inji ta haɗiye. Ya fito da hannu yana kore mutane, jama'a suka ɗaga nasu hannun suna murna.

"Dubi bawan Allah, har hawaye yake yi," in ji matar mai burodi. "Ya tuna da Fermín."

Kashe inji kuwa ba dama, don in ya mutu sai turi, ga Herminia a gefen hanya da laimarta, idonta ƙur.

A ƙofar coci aka tsaya cik. Fada Ramiro shi ya ɗaura auren Fermín, shi ya binne shi, don haka ya faro tarihin daga yarinta. Yana kan shekarun soja wani wari ya fara tashi. Da ya gama, ya tsoma goga ya yayyafa ruwan albarka a bonet, ruwan ya ce cuuu, ya ɓace.

"Ta karɓa," in ji wata tsohuwa, ta yi alamar gicciye.

Sai tiyon lagireto ya fashe. Tururi ya feso ta kowane hujin da Aníbal ya huda da hannunsa, inji ya yi ƙwal-ƙwal-ƙwal, ya buga. Tsoho Don Braulio ya matso da fulas ɗinsa, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Ya tafasa. Tafasasshen ruwa ba ya yi wa mate."

Aníbal ya yunƙuro ta taga. Kai ya fita, kafaɗa ta fita, tumbi ya ce shi yana nan. 'Yan kwana-kwana suka ɗauko zarto.

"Wanda ya taɓa ƙofar nan zai biya," in ji Herminia. "Har yanzu motata ce. In yanka za ku yi, ga inda ya yi yawa nan."

Tulio ya kawo kitsen saniya aka shafe Sarkin Gudu da shi, aka ja shi ta hannu, ya fito sulɓ ya zube gaban Fada. Bai ko miƙe ba ya fara ciniki.

"A tura ta gida. Turi ai ba ja ba ne, Doña. Fada, ka faɗa mata."

"Da ƙafarta na ce, ba da ƙafar jama'a ba. Fada na wurin."

Fada ya dubi sama. Herminia ta naɗe laima, ta miƙa hannu. Aníbal ya lalubo makullin janwe cikin rigarsa mai maiƙo ya ba ta. Ba a jima ba sai ga janwe ta shigo dandali da baya, ta ratsa tsakanin mai ganga da teburin masu sayar da fanke ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta tsaya daidai hancin jar mota. Aka ɗaure.

Aníbal ya zagaya ya buɗe ƙofar gefen janwe, ya ɗora ƙafa.

"Ina zuwa?"

"Gida mana, Doña. Dubi rana."

"Kai ka koya wa garin nan, duk abin da ba ya aiki a jikin mota nauyi ne. Sauka."

Ta ja ta tafi, masu ganga suka bi ta, don rakiya ba a barin ta rabi. Aka bar Aníbal tsakiyar dandali yana ƙyalli, karnukan gari sun zagaye shi suna lasar masa gwiwa. Tulio ya fito daga shago da fanka, ya ɗora masa a hannu.

"Riƙe, Gordo. Kai ka ce ta masu tsayawa ce."