Bakan Fayif

"Lafiya lau muka kwana. Sai yanzu da na ɗaga kai na gan ka safiyar ta lalace," in ji mai gyaran famfo.

"Haka ake gaida ubangida? Fito ka durƙusa, Sarkin Kwata."

"In durƙusa wa direban da ko baro ba shi da shi? Ina Gwaggo?"

"Tana nan. Ta ce in duba mata ko ɗan ƙaninta ya daina warin masai."

"Ka ce mata da warin nake ci da iyalina. Kai da me kake ci da naka, da ƙamshi?"

Shagona na ɗinki bango ɗaya ne da shagon mai gyaran famfo, bangon kuma na langa-langa ne, ko tari ya yi sai na ji. Wanda ya zo masa da safen nan taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, wanda kowa ke kira Direba duk da cewa rabonsa da sitiyari tun bara. In su biyun suka haɗu ba a jin kalma ɗaya mai daɗi, baƙo sai ya ɗauka yanzu za a ba hammata iska. Ni na saba, ko kai ba na ɗagawa. Amma ran nan sai da na tsayar da keken ɗinki, saboda na ji abin da ya kawo shi.

Direba ya samu aikin gadi a wani siton siminti da rodi a bayan gari, kuma a ranar zai fara. Kowa a layinmu ya san yadda aka yi gurbin ya samu. Maigadin da ke wurin da safe aka tsince shi a ɗaure, babu rai. Mai siton ya ce duk mai son aikin ya zo da makaminsa.

"Baka nake so ka yi min," in ji Direba.

"Baka? Ka ga na yi maka kama da maharbi?"

"Na fayif. Na ga wani maigadi da irinsa. Na ce in dai abin roba ne da wuta, ina da bawa da ya iya."

"A wane siton?"

"Ka san shi."

"Wanda aka fito da mutum a buhu?"

"A tabarma aka fito da shi. Kai komai sai ka ƙara gishiri."

"To ka ga bambanci. Ka ce su tanadi doguwa, don ƙafafunka za su leƙo."

"Za ka yi ko in je wurin wanda ya san aiki?"

"In suka kashe ka, wa zan riƙa zagi? Gwaggo ta tsufa, matarka ba ta ramawa."

"Yara ba sa cin zagi, Sarkin Kwata. Kunna wutarka."

Na leƙo daga ƙofata na ga mai famfo ya jawo farin fayif ɗin ruwa na roba mai kauri daga cikin tarin da ke jingine, ya tsayar da shi a jikin Direba, ya sa alama daidai haɓarsa, ya yanke da zarto. Direba ya matsa zai ba shi wuri, sai ya yi ƙwallo da bokitin kawunan famfo da ke gefensa, suka watse har bakin titi.

"Bokiti ma sai ka buge? Shi ya sa aka ce ka goge katangar mutane da gefen mota."

"Katangar ce ta shigo titi."

"Madubin gefe fa? An ce kullum sai an sayo sabo."

"Ni na ajiye musu makullinsu. Motar ta yi min ƙanƙanta."

"Tirelar?"

"Ita."

Aka kunna risho. Warin robar nan na tsane shi, yana kama yadin mutane, ni nake shan faɗa. Mai famfo ya riƙa wuce rabin fayif ɗin a saman wutar yana juya shi, ba ya bari ya tsaya wuri ɗaya.

"Sauri mana. Kana juya shi kamar mai lallashin jariri."

"In ya yi baƙi ya ƙone ke nan. Ranar da ka ja shi zai tsage ya cire maka haƙoran da suka rage. Ko da yake ba asara."

Da fayif ya yi laushi kamar tiyo, sai ya shimfiɗa shi a kan wani katako, ya tokare wajen tsakiya da ɗan icce don kada mariƙin ya baje, ya ɗora wani katakon a sama.

"Hau ka taka. Yau tumbin da ka tara a tasha zai yi rana."

Babu wani tumbi. Ni na ɗinka rigar da ke jikin Direba, na san yadda ta cika shi a da, yanzu kuwa kamar ta aro. Ya hau katakon, amma a gefe ya tsaya, bai ma lura ba. Da aka ɗaga, reshen bakan ya fito a karkace.

"Tsayawa ma ba ka iya ba."

"Katakonka ne gurgu."

Mai famfo ya mayar da reshen kan wuta. Yana jin zafi sai ga robar da ta baje tana kumbura a hankali, har ta koma zagayayyen fayif kamar ba a taɓa ta ba.

"Ka gani? Ko ka murƙushe shi, da ya ji wuta zai koma yadda aka yi shi. Yana da asali, ba kamar wasu ba."

"Uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito. In ba ni da asali, kai a kwata aka tsince ka."

"Kawunka ya ce ranar da aka haife ka kaji suka daina ƙwai."

"Gwaggonka ta ce kai da aka haife ka ungozoma ce ta yi kukan."

A karo na biyu mai famfo ya kama ƙafafun Direba da hannunsa ya dasa su a tsakiyar katakon. Reshen ya fito a miƙe, faɗinsa yana raguwa zuwa baki. Haka aka yi wa ɗayan. Ya shafe su da jiƙaƙƙen tsumma har suka huce, ya fafe gurbin tsirkiya a bakin kowanne da zarto, ya goge da magagari, ya naɗe mariƙin da robar tayar keke. Ya yanko igiyar nailan ya yi mata zarge a kai da kai.

"Riƙe min wannan," ya ce, ya miƙa igiyar ta gefen daman Direba.

Direba yana kallon gaba, yana ba da labarin yadda ya taɓa korar 'yan fashi da ƙarfen taya shi kaɗai. Igiyar tana lilo kusa da kunnensa, bai karɓa ba. Mai famfo bai janye hannu ba. Ya tsaya yana kallon fuskar taubashinsa har abin ya fara damuna. Can ya zagayo ta gaba ya sa masa ita a hannu.

"Au, ka ce in riƙe mana."

"Na ce."

Ya tokare bakan da ƙafa ya lanƙwasa shi, ya ɗaura tsirkiyar. Gaskiya abin ya yi kyau, in ba don fari ba ne sai ka rantse na icce ne. Direba ya kwance wani buhu da ya zo da shi, ya fito da siraran sanduna da ya kafa wa ƙusoshi a kai. Muka fita lungun da ke bayan shagunanmu, mai famfo ya jingina kwali a bango.

"Tela, matsa baya," ya ce min. "Wannan in ya nufi gabas, yamma ce ke cikin haɗari."

Direba ya ja, ya saki. Kibiyar ta huda kwalin a tsakiya.

"Ka gani, bawa? Da ni ne a siton nan tun farko, da ɓarayin ne a tabarma."

"Sa'a ce."

"Sa'a? Ni da nake harbo ungulu daga cikin mota tana gudu? Ni da sauro ke neman izini kafin ya shiga ɗakina?"

"Sake, in ka isa. Amma ka nutsu sosai, kada ka ce na hanzarta ka."

Direba ya ɗora wata kibiyar ya ja, ya tsura wa kwalin ido. Mai famfo ya cire silifas ɗinsa ya ajiye. Ya tafi can gefen dama, ya juyo, ya taho a hankali da zarto a hannu. Bai sunkuya ba, bai ɓoye ba. Rana tana kan zarton, yana ma kaɗa shi a iska. Ko jariri ne a wurin da ya juya. Ni kuwa na gane abin da yake aunawa, na riƙa cewa a raina juya mana, Direba, juya. Bai juya ba. Mai famfo ya zo har ya kusa taka masa ƙafa, ya ɗora masa bayan zarton a wuya.

"Ka mutu," ya ce. "Da rana tsaka."

Kibiyar ta kuɓuce ta faɗi gaban ƙafarsa.

"Tun yaushe?" in ji mai famfo.

"Tun kafin katangar."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce jijiyar idon ce take mutuwa. Abin da ya tafi ba ya dawowa." Ya laluba ya nuna wajen shago inda guntun fayif ɗin da aka yanke yake. "Ɗauki wancan ka kara a idonka ka leƙa. Haka nake ganin duniya. Kuma kullum bakin yana ƙara tsukewa."

"Gwaggo ta sani?"

"Ba wanda ya sani. In mai siton ya ji, ba aiki. Ka bar ni in tafi da bakana."

"Da dare fa, me kake gani?"

Direba ya juya zai tafi da bakan.

Mai famfo ya zare bakan daga hannunsa, ya sauke tsirkiyar, ya koma shago. Muka bi shi. Rishon bai mutu ba. Ya ɗora reshe ɗaya a wuta yana juyawa.

"Me kake yi?"

"Gyara."

"Kai, ina jin wari. Ɓata shi kake yi. Da me zan je?"

"Ba inda za ka."

"Kai za ka ciyar min da yara?"

"Allah ya kiyaye. Yaranka masu ci kamar fara? Kai za ka ciyar da su. Ga benci can. Kullum na fita aiki sai in rufe shago, masu saye su zo su koma. Ka zauna a kai. Su ta gaba suke zuwa, kuma da sallama."

"Ni? In yi wa Sarkin Kwata jiran shago?"

"Ai dama bawana ne kai, yau dai za ka fara aikinka."

Robar ta kumbura ta koma zagayayya, reshe ɗaya bayan ɗaya. Ya mirgina fayif ɗin a kan katako har ya miƙe sambal, ya shafe shi da tsumma. Ya datse bakunan da aka fafe, ya toshe ƙasan da murfin roba, ya mayar da naɗin robar taya can sama inda hannu zai kama. Sannan ya tsaya a gaban Direba sosai ya miƙa masa.

"Ungo. Kyauta. Wannan shi ne makamin da ya dace da kai."

Direba ya daɗe yana shafa ta. Farar sanda ce, doguwa. Na sunkuyar da kai, don na ji kunyar tsayuwata a wurin. Can ya ɗaga ta ya share ƙasa da ita daga hagu zuwa dama, ta sauka ƙwas a ƙaurin mai famfo.

"Wayyo! Makaho zai karya ni."

"Tana aiki," in ji Direba. "Tashin farko ta gano ɓarawo."

Ya yi dariya har yana riƙe bango, ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙin robar ne. Mai famfo ma ya ce hayaƙin ne, ko da yake shi shekara da shekaru yana shaƙarsa ban taɓa ganin ya yi masa haka ba.

"To ka ci yau," in ji Direba. "Gobe ka share min bencin, ba na zama a datti. Gwaggonka kuma kai za ka gaya mata, tunda bakinka ba ya jin nauyin komai."

"Zan zo da yamma."

Ya bar kibiyoyin a lungu. Ya saɓa sandar a kafaɗa kamar mai tafiya farauta, ya bi layin yana taku da ƙarfi, mai famfo yana bin sa da zagi har muryarsa ta daina kai wa. Ni na bi shi ta gefen damansa zan sayo zare, kusan kafaɗa da kafaɗa muke, bai san ina nan ba. Da ya sha kwana ya tsaya, ya saurara. Sannan ya sauke sandar daga kafaɗa, ya kai bakinta ƙasa, ya fara laluben hanyar gida.