Girgijen Unguwarmu Ya Dawo Daga Fada

Yau da jan ciki na wuni, jama'a. Ni Filimone, da kifin teku mai haƙora ya ɗanɗani ƙafata ya tofar, ni da guguwa ta sha yaye wa rufi ban durƙusa mata ba, sai ga ni ina rarrafe a Unguwar Gwamnati saboda gwaza.

Gonata ce ke ƙonewa. Girgijen unguwarmu kuwa, tun bikin naɗin sarauta aka ja shi da igiya zuwa fada, aka ce aro ne. Yana can a ɗaure yana yi wa tafkin agwagin sarki yayyafi. Ban taɓa zama a aji ba, amma na san aro, na san ƙwace. Da na ce zan je in karɓo shi, maƙwabciyata Lupe ta ce in rufa wa tsufana asiri in zauna a gida. Na ce mata ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ashe tsakuwar fada tana hudawa.

Kun san doka, kan talaka ba ya fin kan babba tsawo. To, Mai Girma Uban Gizagizai, mai kula da su a fada, Allah ya ƙara masa nauyi, ya gano aiki a kwance ya fi albarka. Tun daga ƙofa mai gadi ya danne mini ƙeya.

"Baba, ƙara sauke kan nan. Yau Mai Girma ko matashin kai bai sa ba."

"Ɗana, ran da ya faɗa rijiya fa, rami za mu haƙa mu gaishe shi?"

Na isa gaban Mai Girma haɓata tana sharar ƙasa, na faɗi kukana. Bai buɗe ido ba ya ce gwamnati ba ta cin amana, a mayar mana da kayanmu yau. Kuma wallahi an mayar, kowa ya yi aikin kirki a yaba masa. Sai dai kafin nan ƙartin fada sun kama girgijen sun matse shi tas a kan tafki, wai ruwan da ya kwana a fada ya zama na fada.

Na jawo abina gida, sakayau kamar auduga. Lupe ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko shanyar matar sarki aka ba ni ajiya.

Na ɗaure shi a jikin bishiyar kwakwa, saitin gona. Gwazata dai mutuwa za ta yi, amma a inuwa za ta mutu, kamar manya.