Rasuwar Iyakwandishan ɗin Ɗakin Taswirori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da ƙunci, mai kula da ɗakin adana tarihi na jami'a yana sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, wadda ta cika ana tsakiyar damina bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta riga shi fara aiki. Tun yana saurayi ya same ta liƙe a bango, har ya yi furfura a ƙarƙashinta. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta da gulma. Maganarta ɗaya ce, "girrrr", sai ɗan "ƙat" idan an ɗauke wuta. Ita ta hana laima da gara taɓa taswirorin garuruwan yankin da zanen unguwanninsu.

Ciwo ya fara mata da tari, sannan yoyo. Mai kula da ɗakin ya ajiye mata bokiti, yana goge mata jiki da tsumma kamar mai jinyar uwa. Mai gyara ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce kayan irinta sun ƙare a duniya. Takardar neman magajiya kuwa tana can tana yawo ofis-ofis. Ranar da ta cika, "ƙirrr" ta yi sau ɗaya, ɗakin ya yi tsit.

Ta bar marayu da dama: taswirori masu gumi a durowa, hotunan kasuwannin da aka rushe, da kaset-kaset na muryoyin dattawan da babu su yanzu. Wasu sun fara bin ta. A makon jiya mutanen wata unguwa da ambaliya ta cinye wa gidaje suka zo neman tsohon zanen magudanan ruwansu. Da mai kula da ɗakin ya warware shi, takardar ta rabe a hannunsa, tsakiyarta ta yi baƙi ƙirin da funfuna. Dattijonsu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, to da ta ina ruwan yake bi?"

Za a sauke marigayiya daga bango gobe da hantsi, a kai ta makwancinta bayan sito, kusa da injin buga takardu. Zaman makoki a ɗakin ne, tagogi a rufe. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya cika wayarsa da caji, ya ɗauki hoton taswirar unguwarsu tun ana iya karanta sunanta.