Yadda Za Ka Zaɓi Kififiyar Ƙasar Ƙanƙara Kana Zaune a Lafia

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan ka bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari za ka zama gwanin kififiyar ƙasar sanyi ba tare da ka wuce Akwanga ba, kuma za a ba ka matar. Ni shaida ne, ga ɗan yatsana nan.

Ga yadda matsalar take zuwa. Kana neman aure, a ce sunanta Sailuba. Babanta ya ce maganar tana hannun yayanta Muhyiddin, wanda ke zaune a Kanada. Shi kuma Yaya ya haƙa ɗan tafki a bayan gidansa, yana neman sanin wace irin kififiya za ta rayu idan ruwan ya daskare. Kai kuwa ranar gaisuwa, don kana da tankin tarwaɗa guda ɗaya a Bukan Sidi, ka buɗe baki ka ce duk abin da ke cikin ruwa ɗan gidanku ne. To, ranar Asabar Yaya zai kira ka ta bidiyo. Kada ka firgita. Kunkuru ma yana son dambe, yatsa ne ba shi da shi.

Mataki na 1: Ka san sanyi tukuna

Kai ɗan Lafia ne, sanyin da ka sani bai wuce na fanka ba. Ka tafi shagon Mama Ngunan mai sayar da ƙanƙara, ka gaishe ta da ladabi, ka buɗe firiza, ka cusa kanka ciki har wuya. Ka ƙirga ashirin. Wannan ita ce Kanada.

Za ta ce, "Ɗana, lafiya? Ko zafi ya taɓa maka kai?" Ka ce bincike kake yi. Masana sun tabbatar cewa duk wanda ya ce bincike yake yi, ba a sake tambayarsa.

Mataki na 2: Ka sayi dabbar, amma ka saurari mai ita

Ka nemi Terfa, masunci a hanyar Awe. Zai nuna maka iri biyu: kunkuru mai ƙoƙon baya kamar akushi, da kififiya mai falalen baya da dogon wuya. Zuciyarka za ta kwanta da kunkuru, don ya fi kama da dattijo.

Terfa zai ce, "Oga, wannan na tudu ne fa. Shi ba ya shiga ruwa."

Ni ban ji ba. Na kawo shi gida, na yi bismilla, na saka shi a tanki, ya nutse tamkar dutsen guga. Da rigata da agogona na faɗa na ciro shi, tarwaɗa suna marina da wutsiya. Ya kalle ni kallon da har yau nake jin kunyarsa. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ka koma wurin Terfa ka karɓo kififiyar, ka bar shi ya yi dariyarsa ya more.

Mataki na 3: Gwajin ƙanƙara

Yanzu sai a ga ko za ta jure. Ka kwaso ƙanƙara buhu biyu a Keke Napep, ka juye a babban baho da ƙarfe biyun rana, ka saka kififiya. Ka riƙe biro da takarda, don ilimi ba ya tafiya babu biro.

Kafin ka rubuta kwanan wata rabin ƙanƙarar ta narke. Kafin ka gama, maƙwabta sun ji labari sun kawo zoɓo da kunun aya suna jerawa a gefen baho. Ita kuwa kififiya ta miƙe wuya tana lumshe ido, tun da aka haife ta ba ta taɓa jin daɗi irin na yau ba. Ka rubuta: ta ci jarrabawa.

Mataki na 4: Ka toshe bakin unguwa

A garin nan ba a ganin saurayi da kunkuru a ɗaki a ce kiwo yake yi. Kafin la'asar labari ya kai wa surukarka cewa asiri kake haɗa wa 'yarta. Ka aika mata da tarwaɗa huɗu manya. Ba a taɓa jin asirin da ya fi ƙarfin farfesu ba.

Mataki na 5: Ranar kira

Ka sa babbar riga, ka zauna a falon surukai, baho a gabanka, Sailuba tana riƙe da waya. Ka ɗaga kififiya ka fara bayani da kalmomi masu nauyi. Ka nuna bayanta, ka nuna ƙafarta. Kada ka nuna bakinta da yatsa. Na sake faɗa, kada ka nuna.

Ni na nuna. Ta cafke, ta ƙi saki. Na yi tsalle, hula ta yi gabas, na kurma ihu a gaban Baba: "Wallahi Yaya ban san komai ba! Tarwaɗa kawai nake kiwo!" A ran nan na ji aurena ya bi ruwa, har hawaye suka zo mini, ba na cizon kaɗai ba.

Sai Sailuba ta ce, "Yaya, har kansa fa ya sa a firizar Mama Ngunan."

Muhyiddin ya yi dariya har wayarsa ta faɗi. Da ya ɗauko ta ya ce tun jiya maƙwabcinsa ya ba shi amsa: sai 'yar asalin can, wadda ta saba kwanciya cikin laka a ƙarƙashin ƙanƙara har sanyi ya wuce, tamu ko kwana biyu ba za ta yi ba. Sannan ya share ido ya ce, "Baba, mutumin da ya shiga firiza saboda ƙanwata, a sa masa rana."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a mura, cizo, ko fushin Mama Ngunan. Idan naka surukin ba mai dariya ba ne, kada ka nemi gidana. In ma ka zo ba za ka same ni ba, Sailuba ta aike ni sayo wa kififiya kifi.