Ranar da Na Wanke Waƙoƙin Rasha

Tsohuwar da nake jinya a Bronx 'yar Rasha ce, tana da faya-fayan garmaho na waƙoƙin ƙauyensu, ɗaya ma muryar mahaifiyarta ce. Ranar da ma'aikatan gidan adana tarihi za su zo karɓa, na ga duk ƙura. Ni da ko kwanon aro ba na mayarwa da datti? Na jiƙa su a baho, na dirje da soso.

Suka fito fes. Takardun sunayen mawaƙan da ke manne a jikinsu kuwa suna yawo a kumfa.

Da ma'aikacin ya zo ya gani, sai ya cire tabarau, ya nemi kujera. Mako guda muka yi muna saurare kafin mu gano faifan mahaifiyar tsohuwar.

Har yau a unguwarmu Highbridge, da na doshi famfo sai mata su ce: "Ku ɓoye fasfo, Hajiya za ta yi tsafta."