Littattafan Rahama

Duk Katsina babu mai aiki kamar Farfesa Yari, Gagara-Tambaya, Rumbun Lissafi. A dubi Talatar nan kawai. Ƙarfe takwas ya koyar da 'yan aji biyu, ta bakin ɗalibarsa Rahama. Ƙarfe goma ya duba jarrabawa ɗari uku, da hannun Rahama. Sha biyu ya warware matsalar da ta gagare shi shekara tara, yana gidansa a GRA yana cin dambu, Rahama na gaban allo. Ƙarfe huɗu motar haya ta kife da ita a hanyar Batagarawa, ta rasu.

Mahaifinta, Malam Nu'uman, tsohon malamin lissafi ne, ya kuma san abin da ta warware. Idan aka yanka sarari falle-falle kamar shafukan littafi, aka zame abu marar nauyi a kan fallayen daga wannan gefe zuwa wancan, shin zai isa yana marar nauyi? Ba kullum ba. Rahama ta gano wani sharaɗin da ke sa hakan ya tabbata.

Ran sadakar uku Farfesa ya iso gidansu a Ƙofar Kwaya, direba na riƙe masa lema. Aka yi addu'a, ya gyara babbar riga.

"Malam, ni aka yi wa mutuwa. Ni na haƙa rijiyar, yarinya guga kawai ta riƙe. Akwai wasu 'yan littattafaina a wurinta. Wata mai zuwa zan gabatar da bincikena a gaban duniya."

"Bincikenka, ranka ya daɗe?"

"Ai ɗalibi inuwa ne. Ka taɓa jin an sa sunan inuwa a takarda?"

Malam Nu'uman ya dubi tabarma. "Kayan mamaci sai an raba gado."

Farfesa ya dawo ran bakwai da buhun shinkafa. Ya dawo ran arba'in da buhu biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai wannan karon gardin ya ɗaga taron duniya sau biyu, wai duniyar ba ta shirya ba.

Aka raba kaya a gaban liman da 'yan unguwa. Tufafi ga ƙannenta, Alƙur'ani ga masallaci. Littattafan bincikenta shida, masu kwanan wata a kowane shafi, uban ya riga ya ɗauki hotonsu ya aika wa masana uku da sunanta.

Sannan ya miƙa wa Farfesa wani ƙunshi. "Wannan naka ne, haƙƙin wani ba ya shiga gado."

Rubutun Farfesa ne na kansa, shafi goma sha ɗaya. Liman ya karɓa don ya shaida, ya buɗe, ya ga jan biron Rahama ko'ina.

"Malam, wannan wane ɗalibi ne? Allah Ya sa dai ya maimaita ajin."