Sarkin Yaƙi da Tsintsiya

Labari ya zaga Wudil cewa Abdulbaqi ɗan gidan Gwaggo Rahinatu yana haɗa runduna. Aka ce mayaƙa takwas ne, da takobin wuta, ranar Asabar za su kai hari. Kafin zancen ya kai Utai mayaƙan sun zama ɗari takwas, har wata tsohuwa ta shigar da awakinta ɗaki. Wani mai shayi a bakin gada ya rantse juyin mulki ne, ya ce dama ya san farar hula ba za su daɗe ba.

To a kwantar da hankali. Yaƙin a cikin waya yake. Wasa ne na intanet da aka buɗe wa sabon kogo mai dodo da kai uku, kuma sai mutum takwas sun haɗu ake shiga. Abdulbaqi ne mai garkuwa, shi yake tsayawa gaba ya sha duka don na baya su samu sara. In ya faɗi, kowa ya faɗi. Ga shi kwana huɗu babu wuta a unguwarsu, batirin wayarsa kuwa ya kumbura kamar alkubus.

Shi ya sa da hantsin Asabar ya doshi gidan Kawu Halliru, wajen taubashiyarsa Lubabatu mai karatu a jami'a, wadda take da fawa banki, abin cajin waya, kamar bulo. Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"...Lafiya lau. Ya Kawu? Ya karatu? Ya zafi?"

"Gaisuwar nan ta yi tsawo, bawana. Me ka zo roƙo?"

"Wa ye bawanki? Sarkin yaƙi kike magana da shi."

"Ɗan mace bawan ɗan namiji ne, haka muka tarar. Ubana ya riga uwarka ganin duniya, kuma shi ya goya ta."

"Goyon ne ya sa har yau bayansa yake ciwo. Ni dai aron fawa bankinki na zo. Bayan la'asar za mu shiga, awa biyu kawai."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Sati nawa da sanar da buɗe kogon?"

Abdulbaqi ya ɗan yi turus. "Ke ina kika san an sanar?"

"Duk Wudil wa bai sani ba? Ka hana mutane shan shayi cikin kwanciyar hankali."

Ya gyara tsayuwa, ya shiga lissafa mata shirin da ya yi. Ya ƙera sabuwar garkuwa, ya tara ruwan magani tulu arba'in, ya raba wa kowa wurin tsayuwa, har taswirar kogon ya zana a bayan kwalin sabulu.

"Kuma muna da mai magani, sunansa Tazargade. Ba ya magana, sai rubutu. Ina zaton wani babban likita ne Bahaushe a Jidda. Mutumin nan yana girmama ni, Lubabatu. Duk inda na sa ƙafa yana bayana."

"Allah sarki. Yana fama."

"Da me?"

"Da kai mana. Na tabbata kai ne irin masu rugawa gaba ba a ce a tafi ba, kamar akuyar da ta hango dusa."

"Jarumtaka ke nan. Na taɓa kashe aljanu dubu da yatsa ɗaya ina cin rake da ɗaya hannun."

"Kai da ƙadangare ya kora daga banɗakin Kaka, ka fito ba buta ba takalmi."

"Wannan ba ƙadangare ba ne, kada ne ya taso daga kogi. Shekarata bakwai kuma."

"Sha huɗu. Ni na tsinto takalmin."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna, ya sassauta murya.

"Bar wasa. Kin san abokina Saifuddeen. Wata uku yana kwance tun da babur ya karya shi. Ko ƙofar gida ba ya kaiwa. Wasan nan ne kaɗai inda yake gudu da ƙafarsa. Wancan karon wayata ta mutu a tsakiyar faɗa, aka kashe mu gaba ɗaya, bai ce min komai ba, sai dai ya ce Allah ya kai mu na gaba. Na yi masa alkawarin yau ba zan faɗi ba."

Lubabatu ta ajiye farantin shinkafar. Sannan ta nuna tsintsiya da haɓa.

"Shekara uku rabonka da yi min shara ranar cika-ciki. Ga ƙofar ɗakina. Ka share, ka ce ranki ya daɗe uwargijiyata."

"Yanzu ai ba watan ba ne."

"Buƙatarka ma ba ta duba wata ba."

Ya waiga ko akwai mai kallo. Ba kowa sai kaji. Ya ɗauki tsintsiyar yana cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ya share ƙofar, ya share gindin randa, har da inda ba a sa shi ba. Ya faɗi kalmar kamar mai haɗiyar maɗaci.

Ta shiga ɗaki ta fito da abin, fitilunsa huɗu duk a kunne.

"Tun asuba na cika maka shi da solar Baba, ni kwamfutata ta ishe ni. Kuma ka saurara. In kan dodon na tsakiya ya yi ja, ka koma hagu. Hagu, Abdulbaqi. Wancan karon kafin wayarka ta mutu sau shida ina tashinka, har yatsana ya yi kanta."

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannunsa.

"Ke ce Tazargade?"

"Likitan Jidda da kansa. Saifuddeen ya sani tun bara, shi ya ce kar a gaya maka, yanzu ma kallonka kana cika baki yana rage masa ciwo. To sarkin yaƙi, ya shara? Da ba don ni ba, da tuni ƙashinka ya zama taki a kogon nan."

Abdulbaqi ya karɓi fawa bankin, ya zura a aljihu, ya tabbatar ya zauna daram. Sai da ya kai bakin zaure ya juyo.

"Na gode, ranki ya daɗe. Ni dai minti biyar na yi ina miki shara. Amma tun da nake ban taɓa ganin uwargijiyar da ta shekara tana bin bawanta a guje da kwalbar magani ba. Bayan la'asar, kar ki makara wurin aiki."